Awa Shida Ba Kusa Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Takarda daga Baffanka mahaifi, Alhaji Jibo, a gidanmu na gindin dutse tsakanin Roni da Gwiwa, zuwa gare ka Ɗan Goggo, a Kano. Ina gaishe ka gaisuwar uba. Ina roƙon Allah Ya sa ta same ka tsaye da ƙafafunka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, ta ƙasa da ta sama. Ƙanwarka Dije tana gaishe ka, tana nan gida wurinmu.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba sandar kiwo ta ɗauke ni. Malam Sule mai awon gyaɗa ne yake rubuta mini, muna zaune a zaure yau Asabar da hantsi. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya gyara, kada ya sassauta. In ka ga wuri ya yi kaushi, ni ne, ba shi ba. Ɗan'azumi direba zai kawo maka ita gobe Lahadi, na ce masa hannu da hannu, kada ya bar wa maigadi. Kai kuma kada ka ninke ta ka sa a aljihu ka ce sai ka zauna a jirgi ka karanta. In ka yi haka ta zama takardar banza. Karanta yanzu, ko a tsaye kake.

Ba labarin gona zan ba ka ba, ba na shanu ba. Magana ɗaya ce: ka zo gida kafin Alhamis ɗin nan da jirginku zai tashi zuwa Landan. Innarku ba ta da lafiya, ciwon kuma ba na kwana biyu ba ne. Tun farkon damina ƙafafunta suka kumbura, yanzu kumburin ya hau ciki, in ta kwanta numfashi ya ƙi, sai a zaune take barci. Abin da ya sa Dije ta baro ɗakinta ke nan, ba ganin gida ta zo ba kamar yadda aka gaya maka. Sau biyu na kai ta asibiti a Kazaure. A na biyun likita ya ja ni bayan ƙofa ya ce zuciya ce ta gaji, a yi ta shan magani, a yi ta addu'a. Na ce, "Likita, ni makiyayi ne, na san dabbar da za ta tashi, na san wadda ba za ta tashi ba. Faɗa mini gaskiya." Ya ce rai na Allah ne, amma in akwai na nesa a kira shi. Karatun likitan dabbobin da gwamnati za ta kai ka shekara uku ne. Ban ce Allah ba zai iya ba. Amma ni dai ban ga shekara uku a jikinta ba, ban ga ɗaya ba ma.

Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Ta ce yaron can an zaɓe shi cikin mutane da yawa, kada a sa masa nauyi a ƙafa yana shirin tashi. Na rantse, ga shi kuma na karya. Na tambayi Liman, ya ce in ciyar da mabukata goma. An dafa an raba tun da safe. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba ruwanka a ciki.

Na san abin da ke ranka, don na ji abin da ka faɗa wa Dije a bakin zaure ranar Juma'ar da ka zo sallama, jiya kwana takwas. Ka zaci na yi nisa, alhali ina bayan rumbu. Ka ce, "Shekara uku zan yi, amma ko kallona ba ta yi ba." Haka ne, ba ta kalle ka ba. Ka shigo ka durƙusa, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, zane ya rufe ƙafafunta, ta ce wa Dije, "Ba wa baƙo ruwa." Da za ka tafi ba ta tashi ta raka ka ko taku ɗaya ba. Ba ta tashi ba ne don ba ta iya tashi sai an kama ta, kuma ta gwammace ka tafi da fushi da ka ga ana ɗaga ta. Gyaɗar nan ma Dije ce ta dire mata a gaba da aka ji ƙarar motarku, don ta sami abin da za ta sa wa ido.

Ni kuma na zo na ƙara ɓata abin. Na ce ka kwana, ka ce motar abokinka ce, yau zai koma. Na ce ƙasar nan da za ka akwai nisa, ka yi dariya ka ce, "Baffa, nisa ai a da ne. Mil kusan dubu uku ne, amma awa shida jirgi yake yi. Kafin ka kai jaki Kazaure ka dawo, ni na sauka." Raina ya ɓaci, na ce, "To tashi ka tafi, tunda maƙwabta za ka." Ka tashi ka tafi. Maganar da ya kamata in faɗa maka a ranar tana bakina, rantsuwa ta danne rabi, taurin kai ya danne rabi. Wannan shi ne kuskurena na kusa. Akwai na nesa, zan kawo maka su, don ban san ko za mu ƙara zama mu yi doguwar magana ba.

Ban ƙaryata awa shidanka ba. Na tambayi Malam Sule tun ranar, ya ce haka ne, har ya zana mini a ƙasa da tsinke: ga Kano, ga hamada, ga teku, ga Landan. Na yarda. Amma ku 'yan boko daga inda jirgi ya ɗaga kuke fara ƙirga, ku tsaya inda ya sauka. Mu da muka ci hanya da ƙafa ba haka muke auna nisa ba. Nisan wuri a wurinmu shi ne, in abu ya faru a gida, kwana nawa kafin ka ji, kwana nawa kuma kafin ka iso. To zo mu ƙirga tare. A ce abin ya zo ranar Asabar da yamma. Sai a nemi mai keke ya kai labari Roni. Daga Roni a jira mota zuwa Kazaure. Gidan waya a rufe sai Litinin. A buga waya Litinin ta je Landan, kai kuma da bakinka ka ce makarantarku ba a cikin Landan take ba, sai an ƙara gaba a jirgin ƙasa. A neme ka, a same ka, a ba ka. Ka nemi izini wurin malamai, ka nemi kujera a jirgin da ba kullum yake tashi ba. Sai a nan fa awa shidan taka za ta zo, ta wuce kafin ka gyara zama. Ka sauka Kano, ka je tasha, ka jira motar Kazaure ta cika. Malam Sule ya ce in komai ya tafi daidai mako guda ne. Na ce masa ni ban taɓa ganin tafiyar da komai ya tafi daidai ba. Mu kuwa a nan, ka sani, wanda ya cika da hantsi, kafin azahar an dawo daga rakiyarsa an wanke hannu. Ba a jiran kowa, balle ɗan Jibo.

Ba zama na yi na ƙago wannan lissafi ba, a jikina na koye shi. Ni ma ɗan fari ne kamar kai. Dada, uwata, ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take ce mini. Shekara biyu kafin in auri Innarku, wani mai shanu a Babura ya ɗauke mu mu shida mu kora masa garke zuwa Badun, da ƙafa. A lokacin Dada tana tari, irin wanda in ya taso mata sai ta dafa bango. Na je sallama na tarar tana niƙa. Na ce, "Dada, zan bi shanu Kudu." Ba ta ɗago ba. Ta ce wa Goggonka Mairo, Allah Ya jiƙanta, tana budurwa a lokacin, "Ce wa wancan ya ɗauki gwadon da ke kan gado, an ce can akwai raɓa." Ni kuwa ga jinin samartaka, so nake ta ce kada in tafi, ko kuma ta dube ni ta sa mini albarka da bakinta. Da ban samu ba sai na yi zuciya, na bar gwadon a inda yake. Mairo ta biyo ni har bakin burtali tana cewa, "Yaya, tarin nan fa ba na wasa ba ne." Ka san abin da na ce mata? Na ce, "Ke, yanzu zamanin jirgin ƙasa ne. Daga Badun zuwa Kano kwana biyu ne. In wani abu ya taso ku aiko." Da ka faɗi taka ranar Juma'a, muryata na ji tana fitowa daga bakinka, shi ya sa na harzuƙa. Ba kai nake wa faɗa ba.

Kwana arba'in da wani abu muka yi a hanya. Mu bi ta Zariya, mu gangara, mu haye Kwara ta gadar Jaba, mu shiga Ilori, tsando yana cin shanu yana cin mu. Muna da kwana goma sha biyu da tashi Dada ta rasu. Sun aiko kuwa, kamar yadda na ce. Amma ina za a aika? Ba ni da ɗaki, ba ni da gari, ina bayan shanu. Sai aka ba da sallahu ga masu garken da ya taso bayanmu. Labarin ya biyo ni da tafiyar saniya, yana kiwo, yana shan ruwa, yana kwana a zango. Muna gaba yana baya, bai cim mana ba sai da muka tsaya. Ina kasuwar shanu a Badun, na sayi sabuwar hula na karkace ta, ina cin gasasshiyar masara ina dariya, sai ga Modu, wani Babarbare da na sani a Babura. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Jibo, ya haƙuri?" Na ce, "Haƙurin me? Ai biyu kacal suka mutu mana a hanya." Ya saki hannuna ya tsaya yana kallona. Shi ya zaci na daɗe da ji.

Washegari na hau jirgin ƙasa. Kuma wallahi bai yi ƙarya ba, kwana biyu ya kawo ni Kano. Na iso gida an yi sadakar arba'in da kwana uku, ƙasar kabarin har ta kwanta. Mairo ta kai ni ɗakin Dada ta jawo wani ƙoƙo daga ƙarƙashin gado, da 'ya'yan tsamiya goma sha biyu a ciki. Ta ce kullum da safe Dada takan jefa ɗaya. In kuma wani da ya san hanyar Kudu ya zo wucewa, sai ta sa a tambaye shi, "Shanun Babura yau suna wane zango?" Shanu take tambaya. Ko sau ɗaya ba ta ce ina wancan ba. Gwadon kuwa ita ta kaɗa zarensa da hannunta, kaka biyu tana tarawa, sannan ta kai wa masaƙi. Shi ne wanda kake gani a kan gadona, wanda ka taɓa cewa in yar ka sayo mini bargon kanti.

Saboda haka ka ji. Uwar ɗan fari ba da baki take magana ba. Dubi abin da ta ajiye, dubi wanda ta aika, dubi abin da ta tambaya a kaikaice. Kuma duk inda za ka a duniya, kada ka fita daga gida da fushi don ka san hanyar dawowa gajeriya ce. Hanyar tana iya zama gajeriya. Labarin ne ba ya sauri.

Kada kuma ka ce tsoho bai san jirgin sama ba, yana magana a kan abin da bai gani ba. Shekara uku da suka wuce, da arzikin mai ya buɗe kowa ya tashi Makka, ni ma na sayar da bijimai na bi sahu. Aka ce mana daga Kano zuwa Jidda awa huɗu ne da ɗan wani abu. Na yi sallama da mutane ina taƙama, na ce gobe war haka ina ƙasa mai tsarki. Kwana tara muka yi a sansanin alhazai a Kano, muna kishingiɗe kan buhunanmu, kullum a ce gobe. Har garin furar da Innarku ta yi mini guzuri ya ƙare ban ga ƙofar jirgi ba. Ka ce na yi hankali? A dawowa na ƙara yin wautar. Wani Alhaji na Gwiwa ya riga ni tasowa, na ba shi saƙo na ce a gaya wa gida Laraba ina tafe. Aka yanka rago, aka tuƙa tuwo, mutane suka fita bakin hanya. Laraba uku suka wuce ina zaune a Jidda. Kai kana makaranta a Zariya lokacin, ba ka ga yadda Innarku ta rame ba. Ta ɗauka jirgin ya faɗa teku ana ɓoye mata.

Amma ba jiran ne ya fi tsaya mini a rai ba. A tafiya kujerata tana jikin taga, na leƙa. Ƙasa ja, a shimfiɗe, ba rijiya, ba bukka, ba hayaƙi. Kakana ya taka wannan ƙasa da ƙafa, sai da ya shekara biyu kafin ya ga Ɗakin Allah, amma kowane zango ya bar suna. An san ya kwana nan, ya yi noma can, wanda ya dawo zai iya cewa na gan shi a wuri kaza. Ni kuwa na ƙetare ta tsakanin azahar da magariba, ba wanda ya gan ni, ba wanda zan ce wa in ka je Roni ka ce ka bar ni lafiya. Na taɓa na kusa da ni, wani malamin makaranta, na ce, "Malam, yanzu muna ina?" Ya dubi agogo ya ce, "Saura awa biyu, Baba." Na ce, "Ba lokaci na tambaye ka ba, wuri na tambaye ka." Ya leƙa shi ma, ya ce bai sani ba. Da boko da komai.

To kai, kada ka yanka wa na gida rana sai ƙafarka ta taka Kano. In ka sauka can, kafin ka nemi abinci nemi takarda. Rubuta sunan garin, da unguwa, da lambar ɗaki, da sunan mutum guda mai hankali wanda ya san inda kake kwana, ka aiko wa Malam Sule. In ka sauya ɗaki ka sake aikowa. In an ba ku hutu za ka leƙa wani gari, bar sallahu wurin mutumin nan. Wanda ba a san zangonsa ba ɓatacce ne ko da a kan katifa yake kwana. Sai kuma salla. A Jidda aka ce kowa ya juya agogonsa gaba, na ƙi, na ce nawa daga Kano na saye shi, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Sau biyu ina isa masallaci ana sallamewa, motar Madina ma da ƙyar na same ta. An ce can inda za ka rana tana da nata hali, wani lokaci ta daɗe, wani lokaci ta faɗi da wuri. Bi ranar garin da kake, kada ka bi taurin kan ubanka.

Saura guda, shi ne mai nauyi. Na so in tsallake shi, Malam Sule ya ajiye alƙalami yana jirana, na ce ɗauka mu gama.

Da aka yaye ka aka kai ka Gwiwa wurin Goggonka Mairo, kamar yadda ake yi wa ɗan fari, shi ya sa har yau nake ce maka Ɗan Goggo. Kana shekara huɗu ƙyanda ta kama ka, ta kuwa ci yara a garin. Labari ya zo mana. Innarku ta zo ta tsaya a bayana ina ɗaure maraƙi, ta ce, "An ce yaran Gwiwa ba lafiya." Na san abin da take roƙo. Na ce Mairo tana nan, ai ba a daji yake ba. Na kora shanu na tafi. Ashe ina ba da baya ta goya Dije, ta ɗauki ƙwaryar kindirmo, ta kama hanya da ƙafa cikin ranar bazara. Ta isa ta ce wa Mairo talla ta zo, wannan ya rage. Ba ta shiga inda kake ba. Ta zaga baya ta buɗa zana da yatsa, ta kalle ka kana kwance a inuwa ana yi maka fifita, sannan ta juyo. Ta iso gida rana ta kusa faɗuwa, ƙafa duk ƙaya. Ni kuma, maimakon in ce yaya jikin yaron, wanda ni ma abin da ke cina ke nan tun safe, sai na tsaya a tsakar gida gaban matan ƙannena na ce ta zubar mana da kunya, gobe za a yi da mu a bakin rijiya, a ce matar Jibo ta bi ɗan fari da gudu. Daga ranar ta rufe. Kunyar da sauran mata kan sassauta in yaro ya girma, ita ba ta sassauta ba, don na nuna mata abin da zai biyo baya. Saboda haka shirun da ka gani ranar Juma'a, rabinsa al'ada ce, rabinsa aikina ne. In fushi za ka yi, ga mai shi.

Ban ce a yar da kunya ba, da ita aka san mu, ni ma da ita zan mutu. Amma in Allah Ya ba ka iyali, kada ka tozarta wanda yake son abin da kake so don tsoron bakin mutane. Waɗanda na ji wa tsoro a ranar, rabi sun mutu, sauran ko tunawa ba su yi. Ita kaɗai ce ba ta manta ba, sai ni.

Da Mairo tana raye ita za ta shiga tsakani ta gyara wannan, ba sai na zauna ina tona cikina gaban mai awon gyaɗa ba. Tunda ba ta, ga yadda za ka yi. Takarda ta same ka Lahadi. Litinin da sassafe ka je tasha ka hau motar Kazaure, kada ka jira motar aboki. Kafin la'asar kana gida. Kada ka zo da likita, kada ka zo da kuka, kada ka ce Baffa ya gaya mini. Tana ganinka za ta gane, amma kada ka sa ta ji da kunne. Ce mantuwa ka yi. Ni zan fita in tafi gona in zauna, in sa matan gida su tafi cirar gyaɗa. Daga kai sai ita sai Dije. Zauna a bakin ƙofa ka ba ta gefe, kada ka zuba mata ido irin naku na makaranta. Yi magana da Dije. Faɗa wa Dije yadda jirgin yake, da inda za ka sauka, da abin da za ka riƙa ci, da irin sanyin garin. Duk abin da Dije ta tambaye ka, ka san daga inda ya fito. In ka gama ka ce, "Dije, roƙar mini Inna gafara, abin da na yi da sani da wanda ban sani ba." Sannan ka yi shiru ka jira, komai daɗewa. Abin da aka miƙo maka, ko tsumma ne, karɓa da hannu biyu ka sa a akwatin da za ka tafi da shi. Na ga tana tura wani abu ƙarƙashin matashi in ta ji motsina, ban tambaya ba. Talata ka koma Kano, Laraba ka ɗaure kaya, Alhamis ka tashi. Ban ce ka fasa tafiya ba. In ka fasa, ita za ka fara karyawa.

Na san za ka ce akwai takardun da ba a gama ba, akwai allura, akwai ofishin da za a je a buga hatimi. Malam Sule ma ya faɗa, ya ce, "Alhaji, in mota ta lalace masa a hanya fa, ya rasa jirgin?" Na ce jirgi in ya tashi wani yana tafe, na zauna kwana tara na ga yadda suke yi.

Bari in gaya maka abin da ya sa na karya rantsuwa, sannan in sallame ka. Ranar da Malam Sule ya zana mini hanyar nan a ƙasa, ya ce jirgin Landan in ya tashi daga Kano arewa yake yi, ta wajenmu yake bi ya shiga hamada. Na faɗa a gida, Dije ta kai mata. Tun daga ranar, hantsi na yi sai ta ce a fitar da ita tsakar gida, wai ɗaki ya yi zafi. Jiya ina zaune kusa ina gyara igiya, wani jirgi ya wuce can ƙololuwa, ɗan ƙanƙane, yana jan farin zare a bayansa. Ta bi shi da ido har ya ɓace. Ta ce, "Alhaji, shi wannan a ina yake yada zango?" Na ce ba ya yadawa. Ta ce, "To in mutum yana ciki, yana hango gida?" Na ce ba ya hangowa, na leƙa na gani, ba a ganin komai. Ta rufe ido, har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai na ji ta ce a hankali, ba da ni ba, ba da Dije ba, "Ashe Usmanu zai wuce ta kaina bai sani ba."

Shekara ashirin da bakwai tun ranar suna, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Dije ta saki muciya ta shige ɗaki. Ni kuma ana idar da Juma'a na tsare Liman na tambaye shi hukuncin wanda ya karya rantsuwa.

Ni ma ban taɓa faɗarsa ba sai yanzu da dole ta sa in faɗa a rubuta. Malam Sule ya ɗago yana kallona, na ce rubuta, ba kallo na kira ka ba. Tunda ya fita sau ɗaya, bari ya fita sau biyu. Usmanu, daga Kano zuwa nan bai kai wuni ba, kuma labari ya same ka tana da rai. Abin da ni ban samu ba ke nan. Taho.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya mai da kai lafiya. Ya ɗaga jirginku lafiya, Ya sauke shi lafiya. Ya tsare ka a ƙasar da ba ka da kowa, Ya tsare maka sallarka da abin da za ka sa a baki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba ka abin da ka je nema. Allah Ya ba Innarku sauƙi, Ya sa lissafina ya zama ƙarya, ka dawo bayan shekara uku ka same ta zaune a tabarma, ta ce wa Dije ta ba baƙo ruwa. Amin.

Ni ne Baffanka, Alhaji Jibo. Ga yatsana na dangwala a ƙasa, don ka san daga gare ni take.